Hannun Hagun Barnaba

Abin da na fi kewa daga ƙauyenmu ba gona ba ce, ko da yake gonar ma tana raina. Hayaniyar gindin ɗorawa ce. Idan aka gama girbi, dawa ta shiga rumbu, mata suka koma tsintar itace da daka, sai dattawa su fito bayan la'asar su share ƙasa su tona gurabun dara. Tun daga rafi kana jiyo su. Wani yana tafa cinya, wani yana rantsuwa da kabarin kakansa, wani kuma yana dariya har tari ya sarƙe shi. A ƙarƙashin wannan duka akwai wata 'yar ƙara da sai wanda ya matso yake ji, ƙarar dutse idan ya faɗa gurbi, da ta tsinken kara idan aka soka shi a ƙasa mai laushi. Bayan ɗorawar daji ne ya miƙe har gandun Kamuku, a lokacin da ba ma tsoron komai a cikinsa sai maciji da ƙudan zuma.

Ga wanda bai tashi da dara ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Gurabu ake tonawa a ƙasa layi-layi, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, ɗaya da tsinkaye, ɗaya da duwatsu, su ne 'ya'yan dara. Za a zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa daga gurbi zuwa na kusa da shi. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin wasansa guda. Haka za a yi ta yi har ɗaya ya tsiyace. A wajenmu kowace shekara akan yi gasa ta tsofaffi, masu furfura kawai, ana zuwa a kan kekuna daga wajen Kutemeshi da Saminaka. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi ya karkaɗe riga wani ya maye. Ba a samun komai sai goro da bakin magana na shekara guda, amma a kan wannan bakin maganar na ga dattijo ya ƙi cin tuwo.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Ɗa in ya bar hannunka ya taɓa ƙasan gurbi, to ya sauka. Ko kuskure ne, ko ƙuda ne ya shiga maka ido, ko atishawa ce ta zo, babu ruwan kowa. Yara kaɗai ake ce wa "ɗauka ka gyara," su ma sai lokacin da ake koya musu. Ranar da aka daina faɗa maka wannan magana, ranar ka san an fara ganinka a matsayin mutum.

Ni da Barnaba a bakin gona muka koya, wajen tsaron birai. Barnaba ɗan kawuna ne, mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya, don haka taubashina ne, kuma tun muna yawo ba wando kowannenmu yake cewa ɗayan ne bawansa. Har yau ba a raba wannan shari'a ba. Mahaifiyata Bagwariya ce, ta auri Bahaushe manomi, na tashi ina zuwa masallaci, shi ya tashi yana zuwa coci, amma akushi ɗaya muke sa hannu. Za a tura mu tun da sassafe da ɗan ƙunshin dafaffiyar doya, mu hau rumfar tsaro mu yi ihu sau biyu don a ji mu daga gida, sai mu sauko mu tona gurabu. Birai sun ci masara a dalilin darar nan ba kaɗan ba, mu kuma mun sha bulala daidai gwargwado. Ni nake karya kara in yi tsinkaye. Shi kuwa duwatsu yake so, masu santsi, da ya tsinto a rafin da ya ratsa dajin. Yana da wata ɗabi'a ta jujjuya dutse a tsakanin yatsunsa kafin ya sake shi, yana kallon idona yana murmushin mugunta, don ya san abin yana ci mini rai.

Kakanmu, wanda ya haifi mahaifiyata da mahaifin Barnaba, shi ne gwanin ƙasar a lokacin. Dogo ne siriri, yana zama a kan fatar akuya, ba ya duban gurabu sosai, fuskar mutum yake karantawa. In ya ci ka sai ya tambayi lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ka gwammace ya zage ka. Yakan ce mana, "Ku duba gurbin da babu kowa, can wasan yake." Mu dai muna gyaɗa kai, ba mu gane ba sai da gemu ya fito.

Shekarar da abin ya faru mun zama samari, muna tsaye a bayan dattawa muna leƙe. Kaka ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, amma kansa garau. Ya tayar da mutum bayan mutum, sai layi ya zo kan mahaifina, wanda furfura ba ta daɗe da ba shi izinin zama ba. Mahaifina bai so ba. Suruki ne, ko inuwar Kaka ba ya takawa, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Amma gasa ce, aka ce ya zauna, ya zauna a ɗosane kansa a ƙasa. Wasa ya yi nisa, Kaka ya ɗaga dutse zai toshe wata hanya, hannun ya yi rawa, dutsen ya zame ya faɗa gurbin gefe. Kowa ya ga abin da ya rage wa mahaifina shi ne ya tura tsinke ɗaya ya jera uku. Sai kunyar surukuta ta kama shi. Ya miƙa hannu biyu ya ɗauko dutsen daga gurbin, ya russuna, ya ce, "Baba, ɗauka ka gyara."

Ban taɓa jin gindin ɗorawar nan ya yi tsit irin na ranar ba. Kaka ya dubi dutsen a tafin surukinsa, ya dubi mutane. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, yau an mayar da ni yaro." Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya sa ƙafa ya shafe gurabun, ya naɗe fatarsa ya tafi. Ya rayu shekaru bayan haka yana saƙar zana a ƙofar gida, bayansa a juye ga ɗorawar, bai ƙara taɓa ɗan dara ba. Mahaifina ya aika da goro, ya aika da dattawa, Kaka ya ce ai babu laifi, yaron kirki ne. Gaskiya ya faɗa, kirkin ne ya jawo. Har mahaifina ya bar duniya, in aka ambaci dara sai ya tashi ya ce zai duba awaki.

Rayuwa ta yi ta tafiya. Muka yi aure, muka aurar, furfura ta ba mu namu wurin zama a gindin ɗorawa. Ni da Barnaba muka zama abin kallo, ba don mun kai Kaka ba, sai don bakinmu. In ya ci ni ya ce, "Tashi bawana, je ka ɗebo mini ruwa." In na ci shi in ce a kira matarsa ta zo ta goya shi. Sannan daji ya lalace. Ba zan tsaya ba da wannan labari ba, duk wanda ke ƙasar nan yana da irinsa. Gonakin nesa muka fara bari, sai na kusa, sai wata safiya muka ɗaure abin da ya ɗauru muka shigo cikin gari. Mutane sun fito da tukwane da buhunan hatsi. Barnaba ya fito da nasa, amma da muka sauka daga mota na ji wani abu yana ƙara a aljihunsa. Duwatsun rafin nan ne.

A Birnin Gwari muka sami wata inuwar mangwaro a bayan kasuwa, inda tsofaffin gari suke zama. Sun karɓe mu hannu biyu, Allah ya saka musu. Amma zaman ba irin namu ba ne. Babura suna wucewa suna hura hayaƙi, kowa da waya a aljihu tana katse masa tunani, ƙasar wurin ma tauri gare ta, sai an zuba ruwa kafin a tona gurbi. Wani tsohon malamin makaranta yakan zo da darar Turawa a cikin akwati, wadda ake kira ces, mai doki da sarki da sarauniya. Ya koya wa wasu, suna bugawa shiru kamar masu zaman makoki. Na tambaye shi ko a ita ana mayar da ɗa. Ya ce a'a, in ka taɓa sai ka tafi da shi. Na ce ashe su ma suna da tarbiyya. Da muka ga tsofaffin ƙauyuka da yawa sun taru a gari, kowa da abin da ya koro shi, sai muka tayar da gasar bayan girbi, ko da yake yawancinmu ba mu da abin girba.

Ana haka ciwo ya kayar da Barnaba. Hawan jini ne, aka ce, ya shanye masa ɓarin dama. Ya kwanta wata da watanni a ɗakin da 'yarsa Rahila ta kama musu. Da ya tashi, ƙafar tana ja, hannun dama ya lanƙwashe a ƙirji, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Amma idanun suna nan yadda na san su. Ranar da ya dawo inuwar mangwaro, yana dogara sanda, kowa ya miƙe. Aka shimfiɗa masa tabarma biyu, aka kawo matashi. Ni dai tun daga nan jikina ya fara ba ni, don babu wanda ya tsokane shi. Ya zauna ya fito da duwatsunsa da hannun hagu, hannun da bai taɓa yin dara da shi ba.

Alhaji mai goro ne ya zauna da shi, mutumin gari, mai sanyin hali, wanda ya sha kai wa Barnaba lemo a asibiti. Bai san labarin Kaka ba, ina zai sani? Wasa bai yi nisa ba dutse ya kuɓuce daga yatsun hagun ya faɗa inda ba a aike shi ba. Kafin in buɗe baki Alhaji ya riga ya ɗauko shi. Ya ce, "Haba, ba komai Baba Barnaba, ɗauka ka gyara. Ai lalura ce." Sauran suka ce, "Ƙwarai, ƙwarai, a bar shi ya gyara." Barnaba ya juyo ya dube ni, ni kaɗai. Ya tattara duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya, abin ya ɗauke shi lokaci. Ba shi da ƙafar shafe gurabu, sai ya ja sandarsa a kansu.

Bai dawo ba. Na je gidan sau da yawa, in yi sallama ya ɗaga mini hannu, fuskarsa a bango. Wata safiya Rahila ta same ni a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ɗan'uwanka fa ya daina cin abinci. Kunu ma sai na yi da gaske. Motsa hannun da likita ya ce ya riƙa yi, ya bari. Jiya cewa ya yi in ba yara duwatsun nan su yi wasa." Ta share ido da bakin zane. "Ni ban san me aka yi masa a wajen darar ba. Ya ce ba a yi masa komai ba, mutanen kirki ne."

Da na ji kalmar nan ta ƙarshe sai na tuna da Kaka. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Kaka yana da zana da zai saƙa, yana da ƙofar gidansa da jikoki. Barnaba gona ta tafi, ƙauye ya tafi, hannu ya tafi, dara kaɗai ta rage masa. In ita ma ta tafi, na san ba zai ga damina ba.

Na sa hula na bi ta. Na shiga ɗakin ban tambayi jiki ba. Na ce, "Kai bawa, an ce ka yi ritaya. Madalla. Gasa ta matso, ba ni duwatsun nan, tunda dama aro ka yi a rafin kakana." Bai juyo ba. Na ce, "Na gaya wa mutanen Kutemeshi ba ciwo ne ya kwantar da kai ba, tsorona ne. Sun ce dama sun sani." Rahila ta ce, "Haba Baba!" Na ce, "Bar ni da shi, 'yata. Tun muna yara haka yake, in ya ga zai sha kashi sai ya ce cikinsa ke ciwo." Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya juyo a hankali, ya yi ta fama da harshensa, har ya fitar da kalma ɗaya: "Ƙarya." Na ce, "To zo ka ƙaryata ni a gaban mutane." Na fita da sauri, don kada ya ga idona.

Ranar gasa ya zo, Rahila tana riƙe da gwiwar hannunsa. Aka kawo matashi, na sa ƙafa na ture shi gefe, na ce wurin dara ne ba ɗakin haihuwa ba. Mutanen gari suka dube ni kamar na zagi liman. Na roƙi a fara da mu, aka yarda. Muka yi zubi. Hannun hagun yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, amma inda yake sauka ya nuna mini kan yana nan daram. Ya ci mini ɗa biyu tun ban gyara zama ba, na rama ɗaya. Na fara gumi, na manta da ciwonsa, na manta da Rahila, neman hanya kawai nake. Can na samu: tsinkaye biyu a jere, na ukun yana gefe yana jira. Ya gani. Yana da dutse ɗaya da zai toshe gurbin da shi. Ya ɗaga shi, ya kawo shi daidai, sai yatsun suka yi rawa. Dutsen ya bugi bakin gurbin ya gangara na kusa.

Alhaji ya sunkuyo ya raɗa mini, "Malam, a duba lalurarsa." Rahila ta haɗa hannu a ƙirji tana kallona. Barnaba bai dubi kowa ba, dutsen yake kallo. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya so ya tafi wajen dutsen nan. A ranar na gane abin da mahaifina ya ji, na kuma yafe masa har zuciya. Mutum ne da na sani tun kafin in san sunana, ga shi a karkace, miyau yana taruwa a gefen bakinsa, ni kuma zan ci shi a kan abin da ba laifinsa ba.

Na tura tsinkena na jera uku. Na zaɓi dutsen da ya fi ji da shi, na cire, na jefa masa a cinya. Na ce da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji, "Ya sauka! Tun kana da hannu biyu ma haka kake zubar da su, yanzu ka sami abin fakewa." Wani ya ce subhanallahi. Daga nan wasan ya karye masa, na bi shi ɗa bayan ɗa ban sassauta ba, har ya tsiyace. Na ce, "Tashi bawana, je ka ɗebo mini ruwa."

Sai muka ji wata ƙara daga maƙogwaronsa. Rahila ta zabura ta ɗauka shaƙewa ce. Dariya ce. Rabin fuskar ne kawai yake yinta, amma ta isa. Ya nuna ni da yatsan hagu, ya ja numfashi, ya ce, "Ɗan... mace. Ba ka... da kunya." Ya bi layi ya koma gefe kamar kowa, ya zauna a ƙasa babu matashi. Ya ja zanen Rahila ya ce, "Ƙosai." Ta tafi sayowa da gudu tana kuka. Da layi ya zagayo kansa, wani tsoho daga Saminaka ya riga ya tayar da ni, Barnaba ya zauna a gabansa ya ce, "Zuba."

Ban ce ya warke ba. Ƙafar tana ja har yanzu, kuma ƙauyen ba mu koma ba, ɗorawar ma an ce an sare ta an yi gawayi. Amma kullum bayan la'asar yana inuwar mangwaro, Alhaji ma ya koyi zaginsa, ko da yake bai iya ba, yana yi yana neman gafara. Dutse yana kuɓuce masa har gobe, ni kuma ina ci. Sai dai kwanan baya dutsen ya faɗa wani gurbi, na yi wuf na jera uku ina murna, ashe na buɗe masa hanya, ya bi ni ya share ni tas. Da na ɗaga kai na gan shi yana jujjuya dutse a yatsun hagu, yana kallon idona da murmushin nan na bakin gona. Yanzu in dutse ya faɗi ban san wanne ne na ciwo wanne ne na mugunta ba. Na tambaye shi, ya ce in ɗauka in gyara.